Na Ce Musu Babu Illa

A wajenmu, idan aka san kai malamin makaranta ne, to ka zama wurin kai tambaya. Ba ruwan mutane da fannin da kake koyarwa. Wani zai kawo maka kwalin magani ka karanta masa, wani takardar fili, wani kuma ya tambaye ka ko maganin feshin da ya sayo zai yi wa wake. Ni kimiyyar sinadarai nake koyarwa a wata sakandare a nan ƙaramar hukumar Ungogo, saboda haka duk abin da ya shafi mai, hayaƙi, taki ko guba, ni ake nema. Amana ce mutane suke damƙa maka. Akwai ranar da na ci wannan amanar da bakina, ba don ina nufin kowa da sharri ba, sai don na riga na aikata wani abu kuma ina son a ce daidai ne.

Gab da daminar 2022 ne. Duk wanda ya yi noma a shekarar zai tuna yadda kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabi bayan Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu. Gonar da muka gada ba wata babba ba ce, irin gonakin wannan yanki ce da ba a barinsu su huta. Kowace shekara gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, kuma ƙasar da ake wa haka, idan ba ka ba ta ba, ba za ta ba ka ba. Takin dabbobi da tokar gida da muka tara tun rani bai kai ko'ina ba, albashi kuwa kafin ya zo an gama rabonsa.

Motata tsohuwar Corolla ce 'yar Kwatano, irin wadda aka ƙera wa kasuwar Amurka. A lokacin tana ɗan fizga idan an tashe ta da safe, sai na kai ta wurin bakaniken da na saba da shi. Ya sauya fulogi, fizgar ta tafi. Da aiki ya ƙare ke nan. Amma yana ƙarƙashin motar sai ya ƙwanƙwasa wani kumburi da ke jikin salansa, kusa da inji, ya leƙo ya ce, "Malam, ashe indominka yana nan? Ai shi ke toshe wa mota numfashi, ya sa ta shan mai. Kuma akwai masu saye, kuɗi hannu." Na tambayi nawa. Abin da ya faɗa ya kusa kuɗin takin da nake nema. Ban ƙara wata tambaya ba.

Ina tsaye aka yi komai. Aka kwance salansar, mai walda ya tsaga gwangwanin ta sama, sai ga abin a ciki, naɗe da wani laushin bargo mai jure wuta. Dunƙulen tangaran ne mai launin toka da ɗan ja-ja, ba shi da nauyi, duk jikinsa siraran ramuka ne a jere, daga wannan baki zuwa wancan. Na karɓa na ɗaga shi sama, haske yana ratsa kowane rami tar. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mini cewa ba a toshe yake ba. Na gani da idona, na kau da kai. Mai sayen, wani saurayi da ƙaramin sikeli da waya, ya duba lambar da ke jikin gwangwanin, ya neme ta a wayarsa, ya auna, har garin da ya zube a ƙasa sai da ya tattara da buroshi ya zuba a leda. Mutumin da ke share ƙura yana ƙullewa ai ya san abin da ke cikinta. Aka liƙe gwangwanin fanko da walda, aka mayar, na karɓi kuɗi.

Tun a hanyar gida muryar motar ta sauya, ta yi kauri. Wani wari mai yaji ya fara biyo ni duk lokacin da na tsaya. Bayan 'yan kwanaki wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ba ta sake mutuwa ba. Shan mai kuwa ban ga ya ragu ba. Na sayi takina, na yi shiru.

Da a nan abin ya tsaya, da laifin ya tsaya tsakanina da motata. Wani dare muna zaune a majalisa bayan Isha'i, maganar ta taso. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ɗansa ke jan masa motar haya tsakanin Kano da Ɗambatta, ya juyo ya ce, "Malam, kai ne ka karanta irin wannan. An ce wa yaron nan ya cire na motarmu. Babu wata illa?" Na ce, "Baba Alhaji, babu illa. Turawa ne suka saka shi don dokar ƙasarsu. Ni ma na cire nawa."

Ba zan ce ban sani ba. Yana cikin manhajar da nake koyarwa, a babin gurɓatar iska, kuma kowace shekara da hannuna nake rubuta wa ɗalibai a allo cewa wannan na'ura tana rage gubar hayaƙin mota. Sanin nawa dai na jarrabawa ne, bai taɓa sauka daga allo ba. Dattijon nan ya riga ya ji ta bakin bakanike, bai gamsu ba, shi ya sa ya nemi wanda yake ganin ba shi da riba a maganar. Ni kuwa ina da riba, ta wanke kai. Kafin kaka, motarsa da wasu motocin unguwa duk an tsaga musu salansa, kuma na ji da kunnena wani yana cewa, "Ai Malam ma ya ce ba komai."

Wanda ya farkar da ni ɗalibina ne na da, wanda ya wuce Jami'ar Bayero yana karanta kimiyyar sinadarai. Ya zo gaishe ni da Sallah, na ce bari in rage masa hanya zuwa titi. Ya shiga, ya ga fitilar, ya ji warin. Cikin ladabi ya ce, "Malam, an taɓa salansar motar nan ne?" Na ba shi labari, har da abin da na gaya wa mutane. Bai ce na yi kuskure ba, tarbiyyarsa ba za ta bar shi ba. Cewa ya yi, "Malam, ni kuwa a kan ƙarfen da ke cikinta nake karatu yanzu, faladiyam. In ka yarda zan kawo maka takardun ka duba mini." Na gane cewa ba duba masa yake so in yi ba. Ya kawo, na karanta, kuma abin da na karanta ya fi ƙarfin salansa.

Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Kyauta ne, ba a haƙo shi, kuma idan aka yi aiki da shi yadda ya kamata, abin da yake bari ruwa ne kawai. Amma yana da hali biyu da suke wahalar da masana. A zafin ɗaki malalaci ne, ka ajiye kananzir a buɗe cikin iska, ba zai kula shi ba. Idan kuwa aka kunna masa, ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshe, komai ya koma kabon dayoksaid da tururi. Alhali abubuwan da masana'antu ke nema, na magani da na turare da na fenti, a tsakiyar hanya suke. Ɗauki itanol, babban abin da ke cikin sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin allura. Mataki na farko ya mai da shi asetaldihaid, na biyu ya mai da shi asid ɗin da ke ba ruwan kal tsaminsa, daga nan sai ƙonewa ƙurmus. Gwaninta ita ce a sa oksijin ya taka mataki ɗaya ya tsaya, kuma ya taɓa gaɓa ɗaya a jikin ƙwayar sinadari ya bar sauran.

Tsohuwar hanyar yin haka ita ce wadda nake nuna wa ɗalibai a ɗakin gwaji. A zuba daikuromet mai launin lemo a kan itanol, a ɗumama, launin ya koma kore. Yara suna son wannan gwaji saboda kyan launinsa. Sai dai koren ruwan nan sharar kuromiyam ce, kuma a irin wannan hanya sau da yawa sharar takan fi abin da aka samar nauyi. Mu a Kano ba sai an yi mana bayanin kuromiyam ba. Shi majemun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa ke jima da shi, ko da yake irin nasu bai kai daikuromet guba ba. Rafin Getsi yana ɗauko ruwan masana'antun Bompai ya haɗu da Jakara, su nufi madatsar Wasai, masu lambu suna ban ruwa a gefensu. Duk wata dabara da za ta maye gurbin ƙarfe mai guba da iskar Allah, mu ne ya kamata mu fi kowa murna da ita.

A nan faladiyam ya shigo. Tun 1894 wani masani a Amurka, Francis Phillips, ya lura cewa idan aka busa iskar etilin cikin ruwan da aka narkar da gishirin faladiyam, ana samun asetaldihaid, faladiyam ɗin kuma ya faɗi ƙasa ya koma ƙarfe. Abin sha'awa ne amma ba na kasuwa ba, don ba wanda zai kashe ƙarfe mai tsada a kan kowace ƙwaya ɗaya. Sai a ƙarshen shekarun 1950 masanan kamfanin Wacker a Jamus, ƙarƙashin Jürgen Smidt, suka samo mafita, suka kuma wallafa ta a 1959. Suka zuba gishirin jan ƙarfe a cikin ruwan, suka buso oksijin. Ga yadda abin ke gudana. Faladiyam ya kama etilin, ya jawo ruwa ya haɗa su, ya karɓe ilaktiron biyu, ya saki asetaldihaid. A nan ya kamata ya faɗi, sai jan ƙarfe ya karɓi ilaktiron ɗin daga hannunsa ya tashe shi, shi kuma ya miƙa wa oksijin, oksijin ya koma ruwa. Faladiyam ya sake kama wata ƙwayar, haka dai ba tsayawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne oksijin ɗin iska bai taɓa kayan da kansa ba. Ƙwayar oksijin da ke jikin asetaldihaid daga ruwa ta fito. Shi ya sa ba a ƙone ba. Aikin faladiyam aikin dillali ne a kasuwar Dawanau: mai kaya yana gefe, mai kuɗi yana gefe, da za a bar su su kaɗai ko dai ciniki ya ƙi ko a yi rigima, dillali ne ke karɓa a nan ya miƙa a can, a tsaya a kan farashin da ya dace, ya juya ya kama wani cinikin. Ba ya cikin buhun da aka ɗauka, amma ba don shi ba da buhun bai tashi ba.

A 1960 Ilya Moiseev da abokan aikinsa a Mosko suka nuna cewa idan aka sauya ruwa da asid ɗin ruwan kal, abin da ke fitowa binil asitet ne. Yau a manyan masana'antu ana haɗa etilin da wannan asid da oksijin a kan faladiyam da aka gauraya da zinariya, ana samar da shi tan miliyoyi a shekara. Daga shi ake yin farin gam ɗin da kafintoci ke shafa wa katako, da kuma sinadarin da ke riƙe fentin ruwa da yawa a jikin bango. Akwai kafinta a bakin layinmu. Kullum nakan wuce shi yana tsoma yatsa a robar gam, ya ja farin layi a gefen katako, ya matse, ya goge abin da ya tsattso da ƙyalle. Tun ina yaro nake ganin irin wannan, ban taɓa sanin cewa gam ɗin nan ya bi ta kan ƙarfen da na sayar ba.

Takardun yaron sun fi yawa a kan abin da ya biyo baya, wato yadda za a bar faladiyam ya yi hulɗa da oksijin kai tsaye, babu jan ƙarfe. A 1998 Sakae Uemura a Kiyoto ta Japan ya nuna cewa faladiyam tare da firidin yana mai da alkohol ya zama aldihaid ko kiton da oksijin kawai. A 2000 Roger Sheldon da mutanensa a Delft ta ƙasar Holan suka yi irinsa a cikin ruwa, da iska. A 2001 Brian Stoltz da Matthew Sigman a Amurka, kowa a nasa ɗakin gwajin, suka kai zaɓen wani matsayi. Akwai sinadarai da ke zuwa bibbiyu, komai nasu ɗaya sai dai ɗaya na dama ne ɗaya na hagu, kuma a harkar magani sau da yawa ɗaya ne ke da amfani. Suka ɗaura wa faladiyam wani sinadarin tsiro mai suna sifatin, sai ya riƙa taɓa ɗaya yana ƙyale ɗan'uwansa. Graham Hutchings a Kadif ta Birtaniya kuma ya nuna a 2006 cewa ƙananan ƙwayoyin zinariya da faladiyam suna yin aikin ba tare da an narkar da kayan a cikin wani ruwa ba. Har yanzu akwai cikas, domin haɗa oksijin da ruwaye masu kama wuta a babbar tukunya haɗari ne, shi ya sa ake surka shi da naitirojin.

Wani hoto a cikin takardun ne ya tsayar da ni. Kwalbar gwaji ce da jikinta ya yi baƙi daga ciki, baƙin gari ya kwanta a gindinta. Wannan ita ce mutuwar katalis, wato faladiyam ɗin da ke wannan dillanci. Idan faladiyam ya karɓi ilaktiron, oksijin bai zo da wuri ya sauke masa ba, sai ƙwayoyinsa su manne da juna su dunƙule su faɗi, aiki ya tsaya cak. Kaso mai yawa na binciken da ake yi a wannan fanni neman yadda za a hana wannan ne.

Ni kuwa shekara da shekaru ina sa yara su haddace cewa katalis abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya sauya ba. Jumlar za ta ci maki a jarrabawa, amma hoton da ta dasa a kaina na ɗan kallo ne, abin da ke tsaye a gefe ana aiki. Gaskiyar ita ce yana sauyawa a kowane zagaye, yana komowa ne kawai, kuma yana iya kasa komowa. Shi ne ya fi kowa aiki a cikin tukunyar. Ina ganin wannan gurguwar fahimta ce ta sauƙaƙa mini abin da na yi a gareji. Wanda ya ɗauki abu ɗan kallo ba zai ji nauyin cire shi ba.

A salansa ƙarfen ɗaya ne, iskar ɗaya ce, amma abin da ake nema akasin na masana'anta ne. A can ana so a tsaya a tsakiya, a nan ana so a ƙarasa. Inji ba ya ƙone fetur gaba ɗaya. Yana fitar da kabon monoksaid, da ragowar man da bai ƙone ba, ciki har da benzin wanda aka tabbatar yana kawo sankarar jini, da kuma oksaid na naitirojin da zafin inji ke haifarwa. Ramukan nan da na ɗaga na duba, an shafe bangonsu da 'yan giram kaɗan na faladiyam da filatinam da rodiyam, an baza su ƙwaya-ƙwaya yadda hayaƙi ba zai wuce bai goge su ba. Faladiyam da filatinam suna ƙarasa ƙonewar, kabon monoksaid ya koma kabon dayoksaid, ragowar mai ya koma shi da tururi. Rodiyam kuma yana ƙwace oksijin daga oksaid na naitirojin, ya sake shi a matsayin naitirojin ɗin da dama shi ne mafi yawan iska. Don ayyukan su tafi tare sai inji ya riƙe ma'auni, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi, shi ya sa ake sa na'urar sansano oksijin kafin katalis da bayansa. Fitilar da ta kama a motata ta bayan ce ke faɗin cewa hayaƙi yadda ya shiga haka yake fita. Idan na'urar tace hayaƙin tana da lafiya kuma ta yi zafi, tana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi. Sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas take fara aiki, don haka ko mai ita kada ya ɗumama mota a rufaffen gareji, balle janareta da ba shi da ita sam.

Gaskiya ne doka ce ta sa aka fara saka ta. A Amurka motocin 1975 ne suka fara fitowa da ita a kan yawa, bayan dokar tsabtar iska ta 1970. Na ɗauki wannan gaskiyar na yi wa dattijo hujja da ita, kamar huhun Bature daban yake da na Bahaushe. Su sun ga abin da hayaƙi ke yi wa biranensu ne suka yi dokar.

Batun kuɗin ma sai daga baya na gane. Yawancin faladiyam na duniya daga Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma wajen kashi 80 cikin 100 nasa a salansar motoci yake ƙarewa. A watan Maris na 2022 farashinsa ya haura dala 3,400 a kan oza ɗaya, wato giram 31, ya fi zinariya tsada nesa ba kusa ba. Yaƙin da ya tsadar da takina shi ne ya aiko saurayi da sikeli zuwa garejin unguwarmu. Abin da ya ba ni ɗan tsagi ne na abin da ya ɗauka. Ban riƙe shi a zuciya ba, sana'arsa yake yi. Kuma asarar kuɗin ita ce mafi ƙanƙanta a cikin lamarin.

Babbar ita ce wa ke shaƙar abin da ke fitowa. Ba ni ba ne, ni ina gaba, gilashi a rufe. Bayan na karanta takardun nan, wata rana da yamma cunkoso ya tsayar da ni a titin Katsina wajen Bachirawa. Ta madubi na hango wata yarinya 'yar talla, ba ta wuce shekara takwas ko tara ba, ta sauke farantin gyaɗarta ta tsuguna daidai bayan motata tana gyara gammo. Bakin salansar yana daidai fuskarta. Ta ɗan yamutsa hanci, ta ci gaba da abin da take yi, don a wurinta haka iskar titi take. Warin da ya dame ta na ɗanyen mai ne. Kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, kuma jini yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau fiye da 200. Ita da masu sayar da ruwa da almajirai da 'yan Adaidaita Sahu a nan suke wuni. Na kashe motar har sai da layi ya motsa, kuma tun daga ranar nake yin haka, ko da yake na san ba shi ne gyaran ba.

Dole in yi wa kanikawa adalci. Maganarsu tana da tushe. Shekaru da yawa fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasar nan da dalma a cikinsa, kuma dalma tana lulluɓe faladiyam da filatinam ta kashe su. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina irin wannan mai, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Ina ganin tun wancan zamani ne aka gaji cewa indomi matsala ce. Har yau kuma yana iya toshewa da gaske, idan inji yana shan baƙin mai, ko fulogi ya mutu ɗanyen fetur ya riƙa zuba kansa yana ƙonewa har tangaran ɗin ya narke. Mai da farar wuta ta yi masa yawa shi ma yana raunana shi. Wanda ya mutu, sayar da shi shi ne daidai, don ana narkar da shi a fitar da ƙarfen, kuma kaso mai tsoka na faladiyam ɗin da duniya ke amfani da shi daga nan yake dawowa. Amma sai a gyara abin da ya kashe shi a sa wani. Nawa kuwa da ransa aka cire shi, kuma ni na ga haske ta cikinsa.

Na koma majalisar da na yi maganar, a gaban mutanen da suka ji ta, don a nan aka ɗauke ta. Na ce, "Baba Alhaji, abin da na gaya maka a kan salansa ba gaskiya ba ne. Akwai illa, kuma na san da haka lokacin da na faɗa. Ka yafe mini." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam. Amma an riga an cire, kuɗin ma an ci. Yanzu nawa ne a mayar?" Ban da amsa a daren, sai da na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na tambaya. Na asali, ko da na hannu ne, kuɗinsa ya ninka abin da aka ba mu. Akwai masu araha da ba su da ƙarfen kirki a ciki, akwai kuma gwangwanin da sai ka haska tocila za ka ga ko da abu a cikinsa. Nawa sai da na sayar da wake bayan kaka na ƙara da tari kafin na mayar. Fitilar ta mutu, warin ya tafi.

Bakaniken ma na koma wurinsa, ba da faɗa ba, don shawara ya ba ni, ni na yanke. Na roƙe shi kafin ya ce wa kowa ya cire, ya kwance ya haska ya gani ko a toshe yake, kuma ya gaya wa mai mota abin da zai rasa. Ya ce, "Malam, in ban cire ba wani zai cire." Na ce na sani, ni dai nasa nake roƙo. Ya ce zai riƙa haskawa.

A aji na daina tsayawa a kan jumlar haddar. Nakan ba su ita don jarrabawa, sannan in zana musu zagayen faladiyam da jan ƙarfe da oksijin, in nuna musu inda yake iya faɗuwa ya mutu. Koren ruwan kuromiyam kuma mun daina zubar da shi a kwata, muna tara shi a jarka. Idan muka zo babin gurɓatar iska nakan gaya musu abin da na yi da abin da na faɗa, domin da yawansu iyayensu da yayyensu direbobi ne da kanikawa, kuma za a tambaye su a gida kamar yadda aka tambaye ni.

Sauran motocin da aka tsaga a kan maganata, wasu an sayar da su, ban san inda suke ba. Ta Baba Alhaji tana nan tana zirga-zirga zuwa Ɗambatta da gwangwani fanko, domin abin da take kawowa a rana na cefane ne. Mun zauna da ɗansa mun yi lissafi. Idan an yi kaka zan kawo rabi, shi ya kawo rabi, mu shiga Ƙofar Ruwa tare da tocila.